Shin Albashin Shugabannin Manyan Kamfanoni Ya Wuce Haƙƙinsu?

A shekarar 1965, abin da shugaban babban kamfani a Amurka yake samu a shekara ya ninka na ma'aikacin gama-gari kusan sau 21. A shekarar 2023 ratar ta kai ninki 290. Waɗannan alƙaluma ne na Economic Policy Institute, wata cibiyar nazarin tattalin arziki da ke birnin Washington mai kusanci da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda take bin diddigin kamfanoni 350 mafi girma a ƙasar. Cibiyar ta ce daga 1978 zuwa 2023, bayan an cire tasirin hauhawar farashi, samun shugabannin ya ƙaru da kashi 1,085 cikin ɗari, na ma'aikaci kuwa da kashi 24 kacal.

A Birtaniya ma akwai wata cibiya mai suna High Pay Centre da ta mayar da lissafin al'adar kowace shekara. Kafin makon farko na watan Janairu ya ƙare, takan sanar da cewa shugabannin kamfanoni 100 mafi girma a kasuwar hannun jari ta Landan sun riga sun samu abin da ma'aikaci zai yi shekara guda cur yana nema.

Babu mai musun cewa kuɗin suna da yawa. Abin da masana tattalin arziki da 'yan majalisa da masu hannun jari suka shafe fiye da shekara talatin suna ja-in-ja a kai shi ne ko aikin mutum ɗaya ne ya haifar da dukiyar da ake saka masa a kanta, da kuma wanda ke yanke ladan.

Me ake nufi da albashin shugaban kamfani?

Kalmar albashi tana iya ɓatar da mai karatu a nan. Kuɗin da ke shiga asusun shugaban kamfani a ƙarshen wata ɗan ƙaramin yanki ne na samunsa. Tim Cook na kamfanin Apple, alal misali, albashinsa na asali a 2022 dala miliyan 3 ne, amma jimillar abin da aka rubuta masa a shekarar ta ɗan haura dala miliyan 99. Ragowar ta fito ne daga garaɓasar ƙarshen shekara da kuma hannun jarin kamfanin da aka ba shi, wanda shi ne kaso mafi tsoka.

Hannun jarin yakan zo ta hanya biyu. Wani lokaci a ba shi kyauta, da sharaɗin ba zai mallake shi ba sai bayan wasu shekaru ko bayan an cim ma wani buri. Wani lokaci kuma a ba shi izinin sayen hannun jari nan gaba a kan farashin yau. Idan an ba mutum izinin sayen hannun jari miliyan ɗaya a kan dala 50 kowanne, farashi ya hau zuwa dala 80, ya ci ribar dala miliyan 30. Idan farashin ya faɗi zuwa dala 30, sai ya ƙi saye, kuma ko sisi bai fita daga aljihunsa ba. Mai hannun jarin da ya sayi nasa da guminsa shi ne ke kwana da asarar. Yawancin gardamar da ake yi tana komawa ne ga wannan rashin daidaito, wato mutum ya ci riba tare da masu dukiya amma ya tsallake asara.

Yadda aka zo nan

Tun a 1932 wasu masana biyu na Amurka, Adolf Berle da Gardiner Means, suka nuna cewa a manyan kamfanoni mallaka ta rabu da iko. Masu kamfanin dubban mutane ne warwatse, kowa da ɗan guntun hannun jarinsa, ragamar kuwa tana hannun manajojin da aka ɗauka aiki. Tambayar da ta biyo baya sananniya ce ga duk wanda ya taɓa ba wani jari ya juya masa: ta yaya za a sa wakili ya riƙe dukiya kamar tasa?

A 1990 Michael Jensen da Kevin Murphy suka fitar da binciken da ya sauya akalar zancen. Sun lissafa cewa duk lokacin da dukiyar masu hannun jari ta ƙaru ko ta ragu da dala 1,000, ta shugaban kamfani tana motsawa ne da dala 3.25 kawai. A ganinsu ana biyan shugabannin kamfanoni tamkar ma'aikatan gwamnati, aiki ya yi kyau ko ya lalace albashi yana nan. Maganin da suka bayar shi ne a ɗaure samun shugaba da farashin hannun jari.

Shekara uku bayan haka, a 1993, gwamnatin Bill Clinton ta kawo dokar da ta hana kamfani cire abin da ya haura dala miliyan ɗaya na albashin babban jami'i daga ribar da za a caje shi haraji a kai. Manufar ita ce a taka wa albashin burki. Sai dai dokar ta keɓe duk ladan da aka ɗaura a kan ƙwazo, kuma ta wannan ƙofa kamfanoni suka bi. Albashin asali ya tsaya a kusa da dala miliyan ɗaya, izinin sayen hannun jari ya yi ambaliya, kasuwa kuma ta yi ta hawa har ƙarshen shekarun 1990. Dokar da aka yi domin rage albashi ta zama cikin abubuwan da suka haɓaka shi. Sai a 2017 aka toshe wannan kafa.

Hujjar masu cewa sun cancanta

Masu kare tsarin suna da hujja mai nauyi, kuma ba a yi musu adalci ba idan aka ce kwaɗayi kawai suke karewa. A 2008 Xavier Gabaix da Augustin Landier suka nuna cewa tsakanin 1980 da 2003 samun shugabannin kamfanonin Amurka ya ninka sau shida, darajar manyan kamfanonin a kasuwa ita ma ta ninka sau shida. Ma'anar ita ce lada yana bin girman abin da aka ba mutum riƙo. Kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan 100, idan shugaba nagari ya ƙara masa kashi ɗaya cikin ɗari kawai, ya kawo dala biliyan ɗaya. Biyan irin wannan mutum dala miliyan 20 araha ne a idon masu dukiyar.

Sukan kawo misalai da ba a iya kau da kai daga gare su. Apple yana gab da durƙushewa lokacin da Steve Jobs ya koma cikinsa a 1997. Darajar Microsoft ba ta wuce kusan dala biliyan 300 ba lokacin da Satya Nadella ya karɓi ragama a 2014, amma a farkon 2024 ta haura dala tiriliyan 3. Steven Kaplan na Jami'ar Chicago ya ƙara da cewa samun manyan lauyoyi da masu juya kuɗin attajirai da taurarin wasanni shi ma ya yi irin wannan tashi a lokaci guda, alhali su ba wani kwamitin daraktoci da suke juyawa. Ya kuma yi nuni da cewa kamfanonin da ke hannun ƙalilan masu zuba jari, waɗanda suke sa ido a kan kowane kwabo, su ma suna biyan shugabanninsu da tsada.

Sai dai a cikin binciken Gabaix da Landier ɗin akwai wani lissafi da ba a cika ambatawa ba. Sun ce da za a jera shugabannin kamfanoni bisa ƙwarewa, a cire na 250 a sa na ɗaya a kujerarsa, darajar kamfanin za ta ƙaru ne da kashi 0.016 cikin ɗari. Tazarar ƙwarewa tsakanin gwani da mai bi masa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, girman kamfani ne ke mayar da ita miliyoyin daloli. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa kasuwa take biyan farashin. Ko hakan ya kai a kira shi cancanta, magana ce dabam, domin ba shugaban yau ne ya gina yawancin girman da ake auna ladansa da shi ba.

Wa ke yanke ladan?

A ƙa'ida kwamitin daraktoci ne, ta hannun wani ƙaramin kwamiti na daraktoci masu zaman kansu, yake ciniki da shugaban kamfani a madadin masu hannun jari. Lucian Bebchuk da Jesse Fried, a littafinsu na 2004 mai suna Pay Without Performance, sun ce wannan ciniki suna kawai ya tara. Sau da yawa shugaban yana da baki a zaɓen daraktocin. Da yawansu shugabannin wasu kamfanoni ne ko tsofaffin shugabanni, waɗanda tashin farashin kujerar bai taɓa yi musu ciwo ba. Kujerar darakta tana da alawus mai kauri da daraja, kuma wanda ya cika tayar da jijiyar wuya a kan albashin shugaba ba lallai a sake gayyatarsa ba. Kuɗin da ake rabawa kuma ba na daraktocin ba ne.

Akwai kuma hanyar auna farashin, wadda ita kaɗai ta isa ta riƙa tura shi sama. Kwamiti yakan ɗauki ƙwararrun masu ba da shawara su tattaro abin da ake biya a kamfanoni sa'o'insa. Babu kwamitin da zai yarda ya bayyana cewa shugabansa bai kai tsaka-tsaki ba, don haka kowa yakan sa nasa a tsakiya ko sama da haka. Idan kowa ya yi hakan bana, tsakiyar ta baɗi ta ɗaga, sai a sake aunawa da ita. Ko dokokin tilasta bayyana albashi da Amurka ta tsaurara a 1992 ana ganin sun ƙara wa wannan wuta fetur, domin kowane shugaba ya samu damar ganin abin da takwaransa ke karɓa.

Hujja mafi ƙarfi a kan tsarin ta shafi sa'a. A 2001 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka duba kamfanonin mai na Amurka, suka ga samun shugabanninsu yana hawa idan farashin ɗanyen mai ya hau a kasuwar duniya, abin da babu hannun ko ɗaya daga cikinsu a ciki. Sun gano cewa ana saka wa shugaba a kan ribar sa'a kusan daidai da yadda ake saka masa a kan ribar dabara, kuma hakan ya fi yawa a kamfanonin da ba su da wani babban mai hannun jari da ke tsaye a kansu. A 2016 kamfanin nazarin kasuwa na MSCI ya bi sawun manyan kamfanonin Amurka sama da 400 na tsawon shekara goma. Dala 100 da aka zuba a rukunin kamfanonin da suka fi biyan shugabanninsu ta koma dala 265. Wadda aka zuba a rukunin da ya fi ƙarancin biya ta koma dala 367.

Sannan ga kuɗin sallama. Robert Nardelli ya bar Home Depot a farkon 2007 da kusan dala miliyan 210, bayan shekara shida da farashin hannun jarin kamfanin bai taɓuka komai ba. Stanley O'Neal ya bar Merrill Lynch a wannan shekarar da kusan dala miliyan 161, kamfanin yana nitsewa cikin asarar basussukan gidaje. Dennis Muilenburg, wanda aka sauke daga Boeing a Disambar 2019 bayan haɗuran jirage biyu ƙirar 737 Max da suka hallaka mutum 346, ba a ba shi kuɗin sallama ba, amma ya tafi da haƙƙoƙin da ya tara na kusan dala miliyan 62.

Idan da gaske kasuwar ƙwarewa ta duniya ce ke yanke farashi, da wuya a fahimci bambancin da ke tsakanin ƙasashe. Toyota ya fi General Motors sayar da motoci da cin riba, amma Akio Toyoda ya samu yen miliyan 999, kimanin dala miliyan 7, a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2023, yayin da Mary Barra ta samu kusan dala miliyan 29 a 2022. Ma'aikatan kamfanonin motocin Amurka sun riƙe wannan batu a yajin aikinsu na 2023, inda suka nemi ƙarin kashi 40 cikin ɗari bisa hujjar cewa haka samun shugabanninsu ya ƙaru cikin shekara huɗu. Sun daidaita a kan kashi 25. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi ne taƙaitaccen ƙorafinsu.

Shari'ar Elon Musk ta tattara ɓangarorin biyu wuri ɗaya. A 2018 Tesla ya yi masa alkawarin hannun jarin da darajarsa za ta iya kai kusan dala biliyan 56, ba tare da albashin wata ba, muddin kamfanin ya cim ma wasu burika da mutane da yawa suka ɗauka mafarki ne. Ya cim musu. A Janairun 2024 wata alƙaliya a jihar Delaware, Kathaleen McCormick, ta soke yarjejeniyar, tana mai cewa daraktocin da suka tsara ta ba su da 'yanci daga Musk, kuma ba a faɗa wa masu hannun jari cikakken bayani ba. Masu hannun jarin suka sake amincewa da ita a watan Yuni na shekarar. A Nuwamban 2025 suka amince da wata sabuwa da za ta iya kai dala tiriliyan ɗaya, sannan a Disamba kotun ƙolin jihar ta mayar masa da ta farkon.

Abin da dokoki suka gwada

Bayan rikicin kuɗi na 2008, dokar Dodd-Frank ta 2010 ta ba masu hannun jari a Amurka damar kaɗa ƙuri'a kan albashin shugabanni, sai dai ƙuri'ar ta shawara ce, kuma a mafi yawan kamfanoni tana wucewa da kusan kashi 90 cikin ɗari. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: masu dukiyar da kansu ba su cika cewa a'a ba muddin farashi yana hawa. Daga 2018 dokar ta wajabta wa kamfanoni bayyana ninki nawa ne tsakanin shugaba da ma'aikacin da ke tsakiyar jerin albashi. A 2022 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ta kafa ƙa'idar ƙwato garaɓasar da aka biya bisa lissafin da daga baya aka gano kuskure ne. Birtaniya ta wuce nan tun 2013, inda ƙuri'ar masu hannun jari a kan tsarin albashi ta zama dole a bi, aƙalla sau ɗaya a shekara uku.

Suwizalan ce ta kai maganar gaban talakawa kai tsaye. A Maris 2013, ana cikin fushin shirin biyan Daniel Vasella na kamfanin Novartis faran miliyan 72 bayan ya sauka, kusan kashi 68 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a ba masu hannun jari iko na tilas a kan albashi, a kuma haramta kuɗin sallama. A Nuwamban shekarar aka tambaye su ko a hana shugaba samun abin da ya ninka na ƙaramin ma'aikaci fiye da sau 12, kusan kashi 65 suka ƙi. Sun yarda a gyara hanyar yanke lada, sun ƙi gwamnati ta yanke adadin.

Yadda batun yake a Najeriya

Rahotannin shekara na manyan kamfanonin sadarwa da mai da siminti da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya sun nuna cewa samun darakta mafi albashi a wasunsu ya haura naira biliyan ɗaya a shekara. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato naira 840,000 a shekara. Mai wannan albashi sai ya yi aikin shekara 1,190 kafin ya tara biliyan ɗaya.

Amma siffar matsalar ta sha bamban da ta Amurka. Da yawa daga cikin manyan kamfanonin ƙasar suna da mai gida tsayayye, ko attajirin da ya kafa su, kamar yadda yake a Dangote Cement da BUA, ko uwar kamfani a ƙasar waje, kamar MTN da Nestlé. Manajan darakta a irin wannan wuri ɗan aiki ne da ke da mai tsawata masa, mai gidan kuma daga rabon riba yake samun nasa. Wanda ke buƙatar kariya a nan shi ne ƙaramin mai hannun jari, wanda ƙuri'arsa ba ta sauya komai a babban taron shekara.

Tarihin bankuna ya kuma nuna cewa ɓarna mafi girma ba ta bi ta takardar albashi ba. A ranar 14 ga Agusta, 2009, Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 domin ceto su, bayan bincike ya bankaɗo tarin basussukan da ba sa dawowa, ciki har da waɗanda aka ba makusanta. A Oktoban 2010 kotu ta yanke wa Cecilia Ibru ta Oceanic Bank ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun haura naira biliyan 190. A 2010 ɗin ne kuma aka ƙayyade wa'adin shugaban banki zuwa shekara 10, kafin a mayar da shi 12 a 2023.

Ladan sa'a ma ya bayyana ƙarara bayan sakin darajar naira a Yunin 2023. Bankunan da ke riƙe da kadarorin dala sun wayi gari da ribar ɗaruruwan biliyoyi, har Babban Banki ya hana su raba wannan riba ga masu hannun jari, gwamnati kuma ta ɗora mata haraji na musamman a 2024. A daidai lokacin MTN Nigeria, mai ɗauke da nauyin biyan dala, ya yi asarar kusan naira biliyan 137 a 2023 da kusan biliyan 400 a 2024. Mataki ɗaya na gwamnati ne ya haifar da ribar wancan da asarar wannan, kuma duk kwamitin da ya auna ƙwazon shugabansa da ribar waɗannan shekaru kawai ya auna canjin kuɗi ne.

Ta fuskar doka, kundin shugabancin kamfanoni na 2018 ya nemi kowane kamfani ya kafa kwamitin albashi, ya kuma tanadi hanyar ƙwato ladan da aka biya ba bisa ƙa'ida ba. Dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 257, ta wajabta a bayyana wa masu hannun jari abin da ake biyan manajoji a babban taron shekara, ta kuma hana mutum ɗaya haɗa kujerar shugaban kwamitin daraktoci da ta shugaban gudanarwa a kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki. Mai son yin nasa lissafin zai tarar da jimillar kuɗin daraktoci, da na darakta mafi samu, da jadawalin ma'aikata bisa rukunin albashi a ƙarshen rahoton shekara. Sai dai jadawalin yakan ƙunshi ma'aikatan dindindin ne kawai. Masu gadi da direbobi da masu shara da yawancin matasan da ke karɓar kuɗi a kantar banki 'yan kwantiragi ne da wasu kamfanoni suka ɗauko, kuma albashinsu ba ya shiga wannan jadawali.